Sarkin Ruwan Ingila a Bangon Falo

Sun sayar da gidan tsohon Baturen da na yi wa aiki a Irving Park, nan Amurka. Ran nan ɗiyata ta bi da ni ta layin a mota, na ga an sare babbar bishiyar ƙofar gida, an yi wa tagogi sabon fenti, wasu yara da ban sani ba suna tsalle a kan ciyawar da shi bai yarda ko kare ya taka ba. Na ce ta rage gudu. Ta tagar falo na hango bangon, fari fat, babu komai a jikinsa. A nan wani hoto yake rataye a da, kuma hoton nan shi ya ɗauke mini jika.

Ni 'yar bakin kogin Kwara ce. A garinmu ba zakara ke tashin mutum ba, ƙarar ruwa ce tana lasar cikin jirage, da gatarin masu sassaƙa, da gurnanin dorina daga can tsallake kamar ana jan turmi a ƙasa. Kafin rana ta ɗago mun share gindin banda, mun hura wuta, an zube mana tarwaɗa da karfasa a tabarma muna feɗewa. Hannuna bai taɓa rabuwa da ƙarnin kifi ba sai da na yi aure. In an gama wannan a miƙa maka taru ka nemo inda ya yage, in an gama wannan a ba ka ƙoƙo ka shiga jirgi kwasar ruwa. Ba a sa mu lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ba mu san mun rasa wani abu ba. Abin da aka koya mana shi ne duba. Duba launin ruwa, duba inda tsuntsaye suka nufa, duba fuskar manya kafin ka buɗe baki. Yaran yanzu ido a waya, kunne a toshe, mota ta zo ta bayansu ba su sani ba. Mu da ka yi haka a bakin ruwa, kada ne zai koya maka hankali.

Babana shi ne shugaban jiragen unguwarmu. Duk shekara maza sukan haɗa kaya su haura sama su yi watanni suna su, a tafi da wasu mata da 'yan mata saboda banda. Ba inji a lokacin. Buhuna ake farkewa a ɗinke su wuri guda su zama babban ƙyalle, a ɗaura a doguwar gwangwala a tsakiyar jirgi, iska ta cika su ta tura. In iska ta ƙi, a koma filafili har kafaɗa ta mutu. Jirgin Baba ke gaba, duk inda ya sa hanci sauran su bi. Mutum ne marar yawan magana, in ya ɗaga hannu an gane, in ya sauke an gane.

Akwai dokoki da yawa na bakin ruwa, amma ɗaya ta fi sauran nauyi. Wanda ya sa ƙafa a jirgi zai yi tafiya, ba a kiran sunansa daga baya. Ko gidansa ne ya kama da wuta. In ya manta wani abu, sai ka ruga ka kewayo ta gabansa, ko da za ka shiga ruwa har ƙugu, ka miƙa masa yana kallonka. In kuwa aka yi kuskure aka kira shi ya waiwayo, tafiyar ta ɓaci: sai ya fito ya zauna a ƙasa, ya kwana gida, gobe ya bi wani jirgin. Kakata takan riƙe kunnena ta ce, "Ke mai bakin tsiya, in kin ga bayan mutum a jirgi, ki haɗiye harshenki." Na haɗiye. Ba ni ce na kira ba.

Yayana Hamidu shi ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunansa. "Wancan" take ce masa, ko "kai yaro", ko ta yi magana da bango ya gane da shi take. Shekarar da aka fara tafiya da ni in taya gwaggona banda, shi ke riƙe igiyar ƙyallen a jirgin Baba. Da safe ne, iska ta tashi daidai, an gama lodi, ni har na zauna a kan buhun gero. Yaya ya sa ƙafa ɗaya a jirgi. Sai ga Inna a guje daga gida, goyo a baya, wuƙarsa ta damtse a hannunta, wadda kowane masunci ke ɗaurawa saboda in igiya ta naɗe shi. Ta ga ba za ta iso ba, an fara tura jirgi. Sai ta buɗe baki ta ce, "Hamidu!"

Duk mutanen bakin ruwan suka juyo. Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba. Yaya ya waiwayo yana dariya, don shi abin ya ba shi mamaki ne, yau Inna ta kira shi. Wani tsoho mai gyaran taru ya miƙe ya ce, "Fito, yaro. Zauna ƙasa." Yaya ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙyallen da ya cika da iska, ya dubi jiragen da ke jere a bayansa suna jira, ya ce, "Iska ba ta jiran mutum ɗaya. Karɓi wuƙarka mu tafi."

Bayan azahar muka kai inda kogin ya buɗe, ba ka ganin gaɓa sai kamar zare. Gabas ta haɗe, ruwa ya koma kalar toka, tsuntsaye suka ɓace. Kafin a sauke ƙyallen iska ta buge shi, gwangwalar ta karye da ƙara kamar bindiga, ta share Yaya ta jefa shi ruwa. Na ga kansa ya fito. Na ga hannunsa. Gwaggo tana yi wa Baba ihu, don shi yayanta ne, "Juya! Yaya, juya jirgin!" Baba yana tsaye a baya da filafilin tuƙi, bai ko karkata shi ba. In ya ba igiyar ruwan nan gefen jirgi mai lodi, mun kife duka, kuma jiragen baya da ke bin sa su ma za su juya su kife. Wannan daga baya na gane shi. A lokacin abin da na gani kawai fuskarsa ce: ido a gaba, baki a rufe, ruwan sama yana zuba a kanta kamar a kan dutse. Ya ce, "Ku kwashe ruwa." Muka kwashe ruwa. Hular Yaya ta biyo mu na ɗan lokaci, sannan ta daina. Ba a ga gawarsa ba. Wuƙar tana damtsensa, ba ta yi masa komai ba. Da muka koma gida Inna ba ta ce wa Baba don me ba ka juya ba, shi ma bai ce mata don me kika kira ba. Haka suka tsufa a gida ɗaya, kowa yana riƙe da tasa.

Shekaru suka tafi, aure, haihuwa, mutuwar miji, har ɗiyata ta kawo ni ƙasar nan in riƙe mata yara. Da ta haifi namiji na roƙa aka sa masa sunan yayana, shi ya sa ban taɓa kiransa da suna ba, Yaya nake ce masa. Zaman afatmen, ɗakunan hayan nan na bene, ya ishe ni, sai wata 'yar garinmu ta samo mini aikin kula da tsohon nan. In yi masa wanka, in dafa masa abin da ba shi da gishiri ba shi da yaji, in tura kekensa zuwa falo. Kullum wuri ɗaya yake so a ajiye shi, gaban hoton.

Ranar da na fara ganin hoton sai da na ja da baya. Wani Bature ne na zamanin da, farin gashi, riga mai maɓallan zinariya, takobi a ƙugu, a bayansa jirage masu ƙyallaye hawa-hawa kamar an shanya wankin gari guda. Akwai rubutu a ƙasa, ban san abin da ya ce ba. Ba rigar ta tsorata ni ba. Fuskar ce. Ido a gaba, baki a rufe. Na ce a raina, kai ma ka bar wani a ruwa.

Ranakun da babu lakwal nakan tafi da jikana, don uwarsa tana aiki. Tsohon ya samu kunne. Turancina na cefane ne da na asibiti, don haka yaron ke juya mini da 'yar Hausarsa mai ɗingishi, ni ina goge tebur ina saurare. Mutumin hoton kakan kakan tsohon ne, daga Ingila. Adimira suke ce masa, wato babban da ke bisa jiragen yaƙi da yawa. Ni Sarkin Ruwan Ingila na sa masa. Wai tun yana yaro bai isa kaciyar hankali ba kawunsa ya ɗauke shi ya sa a jirgi. Ya koyi hawan itacen tsakiya ƙafa ba takalmi, jirgi yana rawa, ƙasa babu komai sai teku. Abincinsu busasshen burodi mai tsutsa, sai an buga shi a katako tsutsar ta faɗo, ruwan sha kuma ya yi kore a ganga. Wanda ya yi laifi a ɗaure shi a yi masa bulala gaban kowa. Haka ya riƙa hawa, in zazzaɓin wata ƙasa ya kashe na sama da shi a matsa da shi gaba, in igwa ta ɗauke kan wani a ba shi wurinsa. Kafin a fara yaƙi wai yashi suke watsawa a daɓen jirgi, don kada ƙafa ta zame a jini. Da ya zama babba ba ya magana da sauran jiragen da baki, tutoci ake ɗagawa, kowa ya duba ya bi. Na ce to, wannan na san shi, hannun Baba ke nan.

Wai ya taɓa yin shekaru a bakin wani garin abokan gaba yana tsare hanya, yana ganin ƙasa da ido bai taka ta ba. Matarsa ta yi renon 'ya'ya ita kaɗai. Da ya zo gida sau ɗaya ƙaramar ɗiyarsa ta ɓuya a bayan ƙofa, ta ce wani baƙo ya shigo. Ya tsufa a ruwa, ya roƙi manyansa su bar shi ya koma ya ga lambunsa, suka ce ba wanda zai maye shi. A jirgi ya mutu. Suka ɗinke shi cikin ƙyallen jirgi, suka sa ƙarfe a ƙafarsa, suka zura shi teku. Tsohon yana faɗa yana ɗaga haɓa, yaron kuma ido kamar an kunna fitila.

Wata rana tsohon yana cikin labari ya miƙe hannu gaba, ya ƙanƙame fuska. Ban jira fassara ba. Na ce, "Yaya, tambaye shi, wa ya faɗa ruwa?"

Yaron ya zaro ido. "Kaka, yaya kika sani? Wani ne ya faɗo daga sama, ana iska. Suna jin ihunsa. Adimira ya ce a ci gaba, don in ya juya, jiragen baya za su yi karo."

"Tambaye shi, wanda ya faɗa ɗin yana da uwa?"

Ya tambaya. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya yi wata magana gajeriya.

"Ya ce ba a rubuta ba."

Na ɗauki tsumma na koma kicin. Daga ranar na daina zuwa da yaron, amma ya riga ya san hanyar bas, da kansa yake zuwa.

Tsohon ya mutu, danginsa suka zo daga nesa suka kwashe kaya, hoton ya bi su. Na ce Alhamdu lillahi, an rabu. Ashe ba a rabu ba. Yaron ya gama sakandare, ya yi ɗan aiki a wajen sayar da motoci a Gate City Boulevard, ya yi tsawo har sai ya sunkuya a ƙofar kicin. Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Tun da ya zauna a ƙasa na san akwai magana.

"Amarya," ya ce, don haka yake tsokanata, "mijinki zai yi tafiya. Na sa hannu. Nebi, sojan ruwa."

Na ajiye tiren. "Kai da ko a bahon wanka sai ka yi ihu sabulu ya shiga ido?"

"Za su koya mini, Kaka. Kuma ba irin jirgin da ba ne. Yanzu ƙarfe ne, ya fi duk ginin nan girma. Babu ƙyalle, babu hawan itace. It's safe."

"Jirgin ƙarfe ne. Ruwan fa, shi ma ƙarfe ne?"

Ya yi dariya. Dariyar nan na san ta, na taɓa ganinta a bakin ruwa ƙafa ɗaya a jirgi. Na ce, "In ka faɗa, babbanku zai juya?"

"Za su juya mana. Akwai helikwafta ma."

"Haka suka ce maka."

Uwarsa ta yi kuka ta share hawaye, ta ce ai za su biya masa karatu, kuma ya fi yawon dare da yaran unguwa. Na ba ta labarin dokar bakin ruwa, don ta shirya. Ta ce, "Inna, wannan camfi ne, nan Amurka ce." Ta kai ƙarata wajen Alhaji maƙwabcinmu, mutumin Maraɗi, mai ja mana salla in an taru. Ya zo har falo ya ce, "Hajiya, rai a hannun Allah yake, kira ba ya kashe kowa." Na ce, "Alhaji, na sani. Ban ce kira ya kashe yayana ba. Na ce an kira shi, kuma bai dawo ba. Ku da kuka yi karatu ku raba su, ni a tare na gan su."

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne tunanin da ya riƙa zuwa mini ina kan sallaya. In na kira shi fa? In na bari ya sa ƙafa a mota na buɗe baki na faɗi sunan nan da ban taɓa faɗa masa ba, ai tafiya ta ɓaci, sai ya fito ya zauna ƙasa. Na yi ta juya wannan. Amma wa zai ce masa fito? Tsohon mai gyaran taru ya daɗe a kabari. Yaron zai waiwayo ne ya yi dariya, ya ɗaga mini hannu, sojan da ke tuƙi ya duba agogo, su tafi. Ya tafi ruwa da kira a bayansa. Wannan kam ban iya ɗauka sau biyu.

Ranar tafiya da hantsi wata farar mota ta shigo fakin ɗin gidanmu, wani soja baƙar fata mai fara'a ya fito ya gaishe mu. An ce garin da za su fara koyon aikin yana can arewa, sanyinsa ya fi na nan. Yaron ya durƙusa na dafa kansa na yi masa addu'a, na ce, "In ka juya baya, kada ka waiwayo, ko me ka ji." Ya ce, "To, amarya, kada ki yi wani mijin kafin in dawo." Na ce, "Tafi can, wa zai jira mai kunnuwa kamar faifai." Ya rungumi uwarsa, ya saɓa jaka, ya nufi motar. Ina kallon bayansa. Bayan Yaya ne sak, har yadda kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka.

Ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya. A nan ne na ga ɗiyata ta dubi hannunta. Rigar sanyinsa ce a rataye a nan, sabuwa, wadda ta saya masa, ta karɓa ta riƙe lokacin da zai durƙusa. Na ga ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi, leɓenta ya buɗe. Ban san ina da sauran wannan ƙarfin ba. Tafin hannuna ya rufe bakinta har haƙorinta ya shige ni, ɗayan hannun ya riƙe ƙeyarta. Ta zaro ido tana fizgewa. Na ce a kunnenta, "Wallahi in kika faɗa, ni da ke har abada." Na fizge rigar na bi ta bayan motocin da ke jere, in kewayo ta gabansa yadda aka koya mini. Gwiwoyina ba na bakin Kwara ba ne yanzu. Ina jan ƙafa, ina dafa motocin mutane, numfashi yana yanke mini, sunan yana nan a maƙogwarona yana neman hanya, na danne shi da haƙori. Kafin in kai kwanar, farar motar ta wuce ta gabana ta hau titi. Ta gilashin baya na ga ƙeyarsa. Bai waiwayo ba.

Ɗiyata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Ta ce na bar ɗanta ya tafi garin sanyi ba riga saboda tatsuniyar ƙauye. Na ce sanyi ana warkewa. Daga baya ya bugo waya ya ce ai ko da ya je da ita da sun karɓe, komai nasu suke ba ka. Ta dube ni, na dube ta.

Yanzu yana teku, wani wuri da ba a yarda ya faɗa ba. Rigar tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Da safe in na idar da salla nakan tsaya a taga in duba kan itatuwa, in ga ta ina iska take, ko da yake an ce jirginsu bai damu da iska ba. Nakan tuna mutumin hoton, in ce ko wane ne babbansu a can, da irin wannan fuskar yake, don ba a ba mai juyawa jirage. Sai in roƙi Allah kada ya kai shi ranar da zai zaɓa.

Tabon haƙorin ɗiyata yana nan a tafina, ya yi fari. In an yi sallama a ƙofa ni ke fara tashi. In ƙannensa suna wasa a fakin, wani ya juya baya zai shiga mota, idona yana kan bakin sauran. Sun ce Kaka ta cika sa ido. Su faɗa. Yaron nan ya fita gidan nan ba kira a bayansa, kuma ina nan zaune ina jiran ranar da zan gan shi ta gaba.